Ranar da Mma Ta Buɗe Ƙofar Ganuwa

Ni ce auta a gidanmu, kuma ba zan ɓoye ba, na ci autancin nan har da siɗe hannu. Sunana Nadia, amma a bakin Mma sunayena ba su ƙirguwa. Yau Nadiyata, gobe Autar Mma, jibi 'Yar Gwal, ya danganta da yadda ciniki ya kaya a kasuwar Assigamé, inda take sayar da atamfa. Yayanmu Sabiru kuwa, wanda shi ne ɗan fari, ko suna ɗaya ba shi da shi a bakinta.

Wancan take ce masa, ko yaron nan. In ranta ya ɓaci, mai dogon wuya. Yana zaune a gabanta za ta juyo ta ce da ni in tambayi yayana ko ya ci abinci, ni kuma in juya in tambaye shi, ya ba ni amsa, in mayar mata, alhali tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Har telan da ke mata ɗinki abin ya shafa, don shi ma Sabiru ne sunansa, bawan Allah ya shekara da shekaru yana amsa "mai sunan wancan".

Kunyar ɗan fari ke nan. Kakanninmu suka taho da ita daga Katsina tare da kayan fataucinsu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na farko, ba ta jansa a jiki, ba ta yabonsa a gaban mutane. Matan unguwarmu ta Zongo da yawa sun ajiye abin tuntuni. Hajiya Batul, wato Mma, ta riƙe nata gam.

Shi Sabiru ɗan makarantar Faransanci ne tun daga tushe. Ya tashi yana ganin iyayen abokansa na unguwar Agbalépédo suna rungume 'ya'yansu a ƙofar makaranta, ana mon chéri, ana shafa kai. Kullum cewa yake abin bai dame shi ba. Ƙarya yake. Da ya sami bourse, wato tallafin karatun injiniya a Maroko, ana ta shirin tafiyarsa, ya same ni a bakin famfo ina wanke tukwane, ya tsuguna ya ce shi kafin ya hau jirgi sai ya ji sunansa a bakin Mma, ko da sau ɗaya. Na kwashe da dariya na ce gara ya roƙi teku ta koma garin Kara da ke can arewa. Da na ɗago na ga fuskarsa sai dariyar ta maƙale mini. Ya ce shi wani lokaci har tunani yake ko dai ba ta damu da shi ba ne, ta fake da al'ada. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don ni na san wa ake ware wa tsokar da ta fi girma a gidan nan.

To, akwai konsol a falonmu, na'urar wasan nan da ake jonawa da talabijin. Sabiru ya samo shi a hannun wani abokinsa na unguwar Bè-Kpota, da wani wasan yaƙi da ya ɗauke masa hankali. A wasan, jirgi ne zai sauke ka a wata duniya mai jar ƙasa, da wasu ƙananan ma'aikata na ƙarfe masu haƙo shuɗin dutse. Da dutsen nan kake gina gidaje da rumbuna da masana'anta, masana'anta ta ƙera maka sojoji da motocin yaƙi masu tafiya da ƙafa. Daga duhun gefen taswira kuma wasu halittu ke fitowa, kyankyasai ne sak, sai dai kowanne ya kai girman tirela. Kai kana riƙe da manet, wato abin dannawa, kana ba da umarni, kowa na motsi lokaci guda, babu mai jiran wani. Kuma a tsarin da muke bugawa, garinka yana nan yadda ka bar shi jiya, amma ranar da ya faɗi ya faɗi ke nan, sai dai ka koma farko da jirgi ɗaya.

Mma ta tsani abin nan. Ta ce cin wuta ne da ɓata ido, ƙato da gemu ya zauna yana kashe kyankyaso a talabijin, ga na gaske a bayan kicin ba wanda ya taɓa su.

Wata rana aka kira la'asar, Sabiru ya ajiye manet ya tafi masallaci bai tsayar da wasan ba. Mma ta zo wucewa da tire a hannu, sai ta ja ta tsaya. A allon talabijin, dutsen wurin ya ƙare, ma'aikatan sun yi cirko-cirko a gefen rami, kowa riƙe da bokitinsa.

"Su waɗannan ba su da aikin yi ne?"

Na ce maigidansu ya tafi salla. Ta ja tsaki, ta ce haka 'yan aiki suke ko'ina, da ka juya baya sun miƙe ƙafa. Ta yi taku biyu ta dawo. Ta ce in nuna mata inda ake dannawa a ce su tashi. Na nuna mata, ta tura su wani ramin, suka kama gudu da bokitai, na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi. Kafin Sabiru ya dawo tire yana ƙasa, Mma na kan tabarma, miyar kuɓewa na kamawa a kicin, ita kuwa tana tambayata me ya sa rumbu ɗaya ne kawai a gari guda.

Daga ranar aka shiga uku. Sabiru ya buɗe mata nata garin, ta sa masa suna Sabon Zongo. In ta sauko daga zemijan, wato acaɓa, da yamma, ko mayafi ba ta cirewa sai ta tambayi ko garinta lafiya. Tana yi wa ma'aikatan sannu da aiki. Wanda ya lalace tana ce masa Allah ya sawwaƙe kafin ta tura a gyara shi. Ƙanwarta Gwaggo Ma'u ta zo ta tarar da ita, ta riƙe haɓa ta ce Hajiya guda da girmanki da haƙorin Makka, Mma ta ce ta matsa ta tare mata gabas. Ba a jima ba Gwaggo ta zauna tana tambayar wanne ne namu, wanne ne na kafiran.

Sai dai Mma ba ta yaƙi. Wasan yaƙi ne fa, amma ita gini ta sani. Ta zagaye gari da ganuwa, ta sake zagaye ganuwar da wata ganuwa, ta jera hasumiyoyi masu harbi a kai, ta cika rumbuna har ba wurin zubawa. Sojojin da masana'anta ta ƙera mata kuwa suna nan jere a tsakar gari, sababbi fil, ko ƙura ba ta taɓa su ba. In na ce ta fitar da su, sai ta harare ni ta ce ɗan wa za a kai wa ƙwaro ya cinye. Kyankyasan kan zo su daki ganuwa su mutu a gindinta, ita tana can tana lissafin inda za ta sa sabon rumbu. Ƙofar garin nan tun da aka kafa ta ba a taɓa buɗe ta ba.

Wasan yana da tsarin mutum biyu, allon ya rabe, kowa da rabinsa. Sabiru ya kafa nasa sansanin a kwarin da ke ƙasa da Sabon Zongo, suka zama maƙwabta. Shi yana kan kujera, ita tana tabarma can gefe, ni a tsakiya kamar wayar tangaraho. Shi nasa salon akasin nata ne, ba ganuwa ba rumbu, da ya tara sojoji goma sai ya kwashe su ya faɗa duhu neman rigima. Daga saman hasumiyarta Mma na hango bayan sansaninsa, don haka bakinta ba ya hutawa. In gaya wa wancan ga su nan ta yamma. In gaya wa yaron nan ya bar ma'aikatansa a fili kamar marayu. Wani lokaci ta yi ƙasa da murya ta ce haka yake tun yana rarrafe, gaba kawai ya sani. Ban taɓa ganinsu sun daɗe a ɗaki ɗaya haka ba, kuma abin ya yi mini daɗi.

A nan Sabiru ya samo dabararsa. Ya ce ranar Lahadin ƙarshe kafin tafiyarsa zai toshe kunnuwa da abin jin kiɗa, amma ba zai kunna komai ba. Zai kwashe sojojinsa kaf ya kai su ƙarshen taswira, ya bar sansanin tsirara. Ni kuma in ɓace. In kyankyasai suka taho, Mma za ta nemi mai isar da saƙo ta rasa, ta ce kai ta ce wancan ba a amsa ba, ƙarshe dole sunan ya kuɓuce mata. Na ce wannan rashin kunya ne, kuma in ta kira ni na ƙi amsawa fatata ce za ta gaya mini. Ya ce zai bar mini konsol ɗin in ya tafi. Na ce to ai rashin kunyar ba ta kai yadda na zata ba.

Ranar Lahadi bayan azahar, Baba ya fita wajen ɗaurin aure, gidan ba kowa sai mu. Mma ta ci ablo, wainar masara, da kifi ta wanke hannu, ta zauna a tabarmarta ta ɗauki manet. Na ce zan je bayan gida. Na zagaya na laɓe a bayan labulen ƙofar ɗaki, inda nake ganin allon da su duka biyun.

Sabiru ya yi yadda ya ce. Ya sa abin kunnensa yana gyaɗa kai kamar mai jin kiɗa, har da ɗan karkaɗa ƙafa, munafuki. Sojojinsa suka yi arewa suka yi nisa. Mma tana gina wani abu a kusurwar gari, tana ƙorafin cewa ma'aikatan yau jikinsu ya yi sanyi.

Sai ga su. Ban taɓa ganin yawansu haka ba, suka malalo daga duhu ta yamma, baƙi ƙirin, suka bi gefen ganuwar Mma ba su ko kalle ta ba, suka gangara kwari.

"Nadia," in ji Mma, idonta na kan allo. "Gaya wa yayanki."

Ta waiwaya ta ga wurina wayam. Ta kira Nadia, ta kira Auta, ta kira 'Yar Gwal da wata murya da ba ta da alaƙa da gwal. Ni ina bayan labule na cusa gefen ɗankwali a baki, dariya na cina.

Ta juya wajensa. Ta ce kai. Ta ce kai wannan. Ta yi gyaran murya irin wadda ke tsayar da masu tura amalanke a kasuwa. Sabiru na ta gyaɗa kai. Ta buga tafin hannu a tabarma. Ta ce mai dogon wuya, gidanka ake ci. Da abin ya ƙi, ta zare silifas ɗinta ta auna shi, ya same shi a kafaɗa tas. Wallahi na jinjina masa, ko ƙiftawa bai yi ba, sai ma ya ƙara ƙwazo a karkaɗa ƙafa.

Kyankyasai sun isa ginin farko na sansanin, wuta ta tashi. Mma ta buɗe baki. Na ga haƙoranta sun haɗu kamar za ta fara furta sunan, na ga ƙafar Sabiru ta daina motsi. Ta tsaya a haka, bakin a buɗe, har na fara tunanin yau za a yi ta.

Sai ta rufe bakinta. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta yi bisimilla ƙasa-ƙasa, ta kai alamar manet kan ƙofar ganuwa ta danna.

Ƙofar ta buɗe. Ta ciki ma ta buɗe. Mma ba ta iya tura sojoji ba, ba ta taɓa yi ba, don haka ta ja layi ta kwashe duk abin da ke motsi a garin, sojoji da motoci masu ƙafa da masu gyara, har ma'aikatan da bokitansu cike da dutse. Gaba ɗaya suka dunguma ta ƙofar suna ture juna kamar an tashi daga Idi, suka gangara kwari. Ba tsari ba dabara. Yawa ne kawai, amma yawan ya isa, don Mma ta daɗe tana tara su. Suka faɗa wa kyankyasan ta baya, wuri ya kaure da harbi da hayaƙi.

Ni daga bayan labule na hango abin da ke tafe. Ayari na biyu ya fito daga duhu, ya tarar da ƙofar Sabon Zongo a hangame, ba ko mai gadi. Hasumiyoyin suka yi iya yinsu, amma an gina su ne su harbi na waje. Kyankyasai suka kwarara ciki.

Sabiru ya fizge abin kunnen ya jefar. Ya ce Mma ki rufe ƙofa, ki mayar da su, nawa ba komai ba ne, da gangan na yi. Ya juyo da sojojinsa a guje, amma ya kai su inda ko sun yi fiffike ba za su iso ba. Ya miƙe tsaye yana ta danne-danne yana roƙonta, Hausa na ƙare masa yana kamo Faransanci.

Mma ta ci gaba da abin da take yi. Ba ta ma mayar da rabin allonta kan garinta ba, ta bar shi a kan sansaninsa. A ɗan taswirar da ke kusurwa kawai muke ganin gine-ginenta suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, rumbunan da ta cika, da masana'anta, da kusurwar da take cikin ginawa ɗazu. Ita tana nan tana tura masu gyara su kashe wutar da ta kama babban ginin Sabiru, tana ce musu su yi sauri, Allah ya yi musu albarka. Da kyankyaso na ƙarshe ya faɗi a kwari, ginin nan na tsaye, baƙi da hayaƙi amma a tsaye. Can sama kuma wani jan rubutu ya fito a rabin Mma, allon nata ya yi duhu.

Dariyar da ke cina ɗazu ban san inda ta shiga ba. Kunya ta rufe ni, don na san yadda matar nan take son garin nan, kuma da hannuna a ciki.

Mma ta ajiye manet a hankali a kan tabarma. Ba ta waiwayo ba ta ce in fito, ai tun ɗazu take ganin yatsun ƙafata a ƙarƙashin labule. Na fito sumui-sumui na tsaya a wurina na kullum, tsakaninsu. Ta ce in gaya wa yayana kiɗan da ba a kunna ba ba a yi masa rawa da ƙafa ɗaya, ya koyi ƙarya da kyau ko ya bar ta. Na gaya masa. Ya durƙusa a gefen tabarma ya ce zai sake gina mata, ganuwa da rumbuna da komai, ba zai yi barci ba sai ya mayar mata da shi yadda yake. Ta ce in gaya masa ba shi da wannan lokacin, akwatinsa ma bai haɗa ba.

Ta kalli baƙin rabin allon. Da ta sake magana muryarta ta sauka, kuma ni take kallo, kamar kullum.

"Ki gaya wa yayanki, can inda za shi ba ni da ƙofar da zan buɗe masa. Ya riƙa waiwaye."

Ban iya maimaitawa ba, kuma ba wanda ya jira in maimaita. Sabiru yana durƙushe, kansa a ƙasa, kafaɗunsa na rawa. Na zaci zai rungume ta irin na 'yan Agbalépédo, har na fara shirin raba faɗa. Sai ya goge fuska da hannun riga, ya ɗago, ya juyo wajena maimakon wajenta.

"Nadia, ki gaya wa Mma na ji."

Na juya na gaya mata, kalma da kalma, kamar ba ta wurin. Ta gyaɗa kai ta ce to madalla.